Biyan 'yan wasan jami'o'i a Amurka: yadda kuɗi ya sauya zawarci da gasa

Ranar 6 ga watan Yunin 2025, mai shari'a Claudia Wilken ta kotun tarayya da ke Oakland a jihar Kalifoniya ta amince da wani sasanci tsakanin 'yan wasan da suka kai ƙara da hukumar wasannin jami'o'i, wanda ya kawo ƙarshen al'adar da ta haura shekara ɗari. Daga 1 ga Yulin shekarar, jami'o'in Amurka sun samu damar ɗebo kuɗi daga asusunsu su biya ɗaliban da ke buga musu wasa, har zuwa dala miliyan 20.5 ga kowace jami'a a shekarar farko. A da, ɗalibin da aka kama ya karɓi ko da kuɗin cefane daga wani attajiri mai goyon bayan ƙungiya yana iya rasa damar buga wasa, jami'arsa ma ta sha hukunci.

Wanda ya saba da Firimiya da La Liga zai yi mamakin yadda wasan ɗalibai ya zama abin zuwa kotu. Dalilin shi ne a Amurka jami'a ce ke yin aikin da makarantun horar da yara na kulob-kulob ke yi a Turai. Gasar ƙwararru ta ƙwallon ƙafar Amurka (wadda ake ɗaukar ƙwallo a hannu, kuma ita ake nufi da ƙwallon ƙafa a nan gaba), wato NFL, ba ta ɗaukar yaro sai ya shekara 3 da gama sakandare, gasar ƙwallon kwando ta NBA kuma sai ya kai shekara 19. A tsakanin nan jami'a ce dandali. Filin wasan Jami'ar Michigan yana cin mutum sama da 107,000, ya fi Wembley da Bernabeu. A 2016 gidajen talabijin na CBS da Turner sun ƙara dala biliyan 8.8 domin su ci gaba da nuna gasar ƙwallon kwando ta jami'o'i har zuwa 2032. Kocin ƙwallon ƙafa na Jami'ar Georgia, Kirby Smart, ya samu kwangilar dala miliyan 13 a shekara a 2024. Yaran da ake zuwa kallo kuwa, a da tallafin karatu da abinci da ɗakin kwana ne rabonsu. Masu sukar tsarin sun daɗe suna ganin lamarin ya zama na kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Kalmomin da ke rikita mai karatu

NCAA ita ce hukumar da jami'o'in suka kafa da kansu tun 1906 domin tsara wasanninsu. Ba ta gwamnati ba ce, kuma wannan na da muhimmanci, domin dokar Amurka ta haramta wa 'yan kasuwa masu gogayya da juna su haɗa baki su ƙayyade farashi ko lada. A kan wannan doka aka riƙa kayar da hukumar a kotu.

NIL taƙaitawa ce ta haƙƙin da mutum yake da shi a kan sunansa da hotonsa da kamanninsa. Idan kamfanin takalmi ya biya ɗan wasa ya fito a talla, ko mai gidan abinci ya biya shi ya zo ya gaisa da masu ciniki, wannan shi ne kuɗin NIL. Daga waje yake zuwa. Ya bambanta da rabon kuɗin shiga da aka fara a 2025, wanda jami'a da kanta take biya.

Akwai kuma asusun magoya baya, wato gidauniyar da tsofaffin ɗalibai da attajiran gari ke kafawa su tara kuɗi su biya 'yan wasan jami'a ɗaya tak da sunan talla. Sai rajistar sauya sheƙa, wani kundi ne a intanet da aka buɗe a 2018, inda ɗan wasan da ke son barin jami'arsa ke sa sunansa, sauran jami'o'i su fara zawarcinsa.

Yadda aka zo nan

Tsohon shugaban NCAA Walter Byers ya amince daga baya cewa lakabin "ɗalibi ɗan wasa" an yayata shi ne a shekarun 1950 domin kada kotu ta ɗauki 'yan wasa a matsayin ma'aikata masu haƙƙin diyya. A 1955 wani ɗan wasa mai suna Ray Dennison ya rasu bayan buguwar da ya samu a kai yana buga wa wata kwaleji a Colorado. Matarsa ta nemi diyyar ma'aikaci, kotun ƙolin jihar ta hana ta.

Haramcin bai taɓa hana kuɗi yawo ba, ɓoye shi kawai ya yi. A 1987 hukumar ta soke kakar wasa guda ta Jami'ar SMU da ke Dallas saboda attajirai sun shekara da shekaru suna biyan 'yan wasa a asirce. Reggie Bush na Jami'ar USC ya mayar da kyautar gwarzon ɗan wasa ta Heisman da ya ci a 2005 saboda alherin da shi da iyayensa suka karɓa, sai a 2024 aka dawo masa da ita. A 2017 hukumar FBI ta bankaɗo yadda wani jami'in kamfanin Adidas ya shirya a biya iyalin wani yaro dala 100,000 domin ya zaɓi Jami'ar Louisville.

Mutumin da ya fara tsaga bangon shi ne Ed O'Bannon, wanda ya ci kofin ƙwallon kwando da Jami'ar UCLA a 1995. Bayan ya bar wasa yana sayar da motoci a jihar Nevada, sai aka nuna masa wani wasan kwamfuta a gidan abokinsa. Ga wani ɗan wasa a allo, kansa ƙwal, bahago, sanye da lamba 31 ta UCLA. Shi ne sak, suna kawai aka cire. Ba a nemi izininsa ba, ba a ba shi ko sisi ba. Ya shigar da ƙara a 2009, kuma a 2014 mai shari'a Wilken ta yanke cewa dokokin hukumar sun saɓa wa dokar gogayyar kasuwa.

Daga nan abubuwa suka bi juna da sauri. A 2019 Kalifoniya ta yi dokar da ta bai wa ɗalibai damar cin moriyar sunansu, wasu jihohi suka bi sahu don kada a kwashe musu 'yan wasa. A Yunin 2021 alƙalai tara na Kotun Ƙolin Amurka baki ɗaya suka yanke hukunci a shari'ar Alston cewa hukumar ba ta da ikon taƙaita alherin da ya shafi karatu, mai shari'a Brett Kavanaugh ya ƙara da cewa irin wannan tsari da a wata sana'a ce a Amurka da haramtacce ne ƙarara. Kwana goma bayan haka, 1 ga Yuli, hukumar ta ɗage haramcin NIL. A 2024 kuma, bayan wani umarnin kotu, ta bar 'yan wasa su sauya jami'a sau nawa suke so ba tare da zaman jiran shekara ba.

Zawarci ya koma ciniki

Da aka buɗe ƙofa a 2021, sharaɗin shi ne kada a yi amfani da kuɗin talla wajen jawo yaro zuwa wata jami'a. Sharaɗin bai yi ƙarko ba. Gaskiya ne an samu talla na haƙiƙa: Caitlin Clark ta Jami'ar Iowa ta yi wa Nike da Gatorade talla tana ɗaliba, kuma wasan ƙarshe na mata da ta buga a 2024 ya tara masu kallo kusan miliyan 19, fiye da na maza. Amma yawancin kuɗin da ya shiga ƙwallon ƙafa da ƙwallon kwandon maza ta asusun magoya baya ya bi, kuma kowa ya san albashi ne aka sa wa rigar talla. A Fabrairun 2024, bayan jihohin Tennessee da Virginia sun kai ƙara, wani alƙalin tarayya ya hana hukumar hukunta masu tattauna kuɗi da yaro kafin ya shiga jami'a.

A da koci kan zauna a falon iyayen yaro yana ba su labarin ingancin karatu, da kyawun wurin atisaye, da yawan waɗanda ya kai NFL. Yanzu akwai dillali a zaune, kuma tambayar farko ita ce nawa ne. Manyan jami'o'i sun ɗauki manajoji irin na kulob domin su raba kasafi a kan gurabe. A Nuwamban 2024 Bryce Underwood, wanda ake ganin ya fi kowa a cikin masu gama sakandare a shekararsa, ya janye alƙawarin da ya yi wa Jami'ar LSU ya koma Michigan, rahotanni suka ce tayin ya haura dala miliyan 10, kuma asusun magoya bayan Michigan ya fito fili ya gode wa attajiri Larry Ellison.

Inda kasuwa ta buɗe babu tsari, yaran ne ke fara cin wuya. Jaden Rashada ya bar alƙawarin Miami ya sa hannu da Jami'ar Florida a ƙarshen 2022 bisa yarjejeniyar dala miliyan 13.85 da wani asusun magoya baya. Kuɗin ba su zo ba, ya nemi a sake shi, kuma a Mayun 2024 ya maka kocin Florida da wani attajiri a kotu yana zargin an yaudare shi. A Satumban 2024 Matthew Sluka na Jami'ar UNLV ya ajiye wasa bayan ya jagoranci ƙungiyar ta ci wasa uku a jere. Wakilinsa ya ce wani mataimakin koci ya yi masa alƙawarin dala 100,000 da baki, asusun magoya bayan jami'ar kuma ya ce babu wani tayi a rubuce. Su ma jami'o'in suna kuka. A Afrilun 2025 Nico Iamaleava ya ƙi zuwa atisaye a Tennessee ana tsakiyar takaddamar da rahotanni suka ce ta ƙarin kuɗi ce, aka rabu, ya koma UCLA. Wata biyu bayan haka Jami'ar Wisconsin ta kai Jami'ar Miami ƙara tana zarginta da hure wa ɗan wasanta kunne alhali yana da yarjejeniya.

Akwai wanda ba a cika ambata ba a wannan ciniki, shi ne yaron sakandare mai matsakaicin ƙwazo. Kocin da ake iya kora bayan kaka biyu ya fi son ɗan shekara 22 da ya riga ya goge a wata jami'a a kan ɗan shekara 18 da sai an raine shi.

Shin gasar ta ƙara zama ta masu kuɗi?

A nan ne ra'ayi ya fi rabuwa, kuma kowane ɓangare yana da hujjar da zai nuna.

Abin da ya kamata a fara tunawa shi ne ba a taɓa yin daidaito ba. Daga kakar 2015 zuwa ta 2020, Alabama ta ɗauki kofin ƙwallon ƙafa sau uku, Clemson sau biyu, LSU sau ɗaya. Lokacin da aka hana biyan yara, jami'o'i masu kuɗi sun zuba dukiyar a albashin koci da gine-ginen alfarma, kuma sukan jibge zaratan yara a benci, tunda mai son tafiya sai ya zauna shekara guda ba ya wasa. Yanzu wanda aka ajiye a benci a Alabama yana iya samun wasa da kuɗi a wani wuri kaka mai zuwa.

Masu ganin an samu ci gaba suna nuna Indiana, ɗaya daga cikin ƙungiyoyin da suka fi shan kaye a tarihin babban rukuni. Koci Curt Cignetti ya zo daga Jami'ar James Madison da tarin 'yan wasansa, ya ci wasa 11 a 2024, sannan a Janairun 2026 ya ɗauki kofin ƙasa ba a doke shi ko sau ɗaya ba. Suna nuna Texas Tech, wadda attajiran man fetur irin su Cody Campbell suka tsaya mata: ta ɗauko NiJaree Canady daga Stanford a wasan sofbol na mata, wanda ake buga ƙwallo da sanda, a kan kusan dala miliyan 1, ta kai wasan ƙarshe na ƙasa a 2025, ta kuma ci kofin ƙwallon ƙafa na Big 12, rukunin jami'o'in da take karawa da su. Suna kuma tuna cewa kuɗi kaɗai ba ya cin wasa. A 2022 Nick Saban na Alabama ya zargi Texas A&M da sayen dukan yaran da ta ɗauka, kocinta Jimbo Fisher ya musanta da zafi, ƙungiyar kuma ta gama kakar da nasara 5 da rashin nasara 7.

Masu ganin an ci baya suna cewa a duba su waye waɗannan sababbin zakaru. Indiana tana rukunin Big Ten ne, wanda ya sayar da haƙƙin nuna wasanninsa a kan kusan dala biliyan 7. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ohio State da ta ci kofin kakar 2024, shugaban sashen wasanninta da kansa ya ce 'yan wasan sun samu kimanin dala miliyan 20. Hujjarsu mafi ƙarfi tana ƙwallon kwando, gasar da farin jininta ya dogara da ƙaramar jami'a ta kayar da babba. A 2023 Florida Atlantic, wadda ba kowa ya san ta ba, ta kai zagayen kusa da na ƙarshe. Bayan kakar 2024 kocinta Dusty May ya koma Michigan tare da Vladislav Goldin, Johnell Davis ya tafi Arkansas, Alijah Martin ya tafi Jami'ar Florida inda ya ci kofi a 2025 tare da Walter Clayton, wanda shi ma daga ƙaramar Iona aka ɗauko shi. A gasar ta 2025, dukan ƙungiyoyi 16 da suka rage sun fito ne daga manyan rukunai huɗu.

Masu bin ƙwallon Turai za su tuna abin da ya sami Ajax ta su Finidi George da Nwankwo Kanu bayan hukuncin Bosman na 1995, wanda ya bar ɗan wasan da kwangilarsa ta ƙare ya sauya kulob ba tare da an saye shi ba, yadda Edgar Davids da Patrick Kluivert suka tafi Milan kyauta. Amma a Turai ƙaramin kulob yakan samu kuɗin sayar da ɗan wasa da kason raino. Ƙaramar jami'a a Amurka galibi ba ta samun komai idan yaron da ta raina ya tafi.

Idan aka haɗa hujjojin biyu, abin da ya fi bayyana shi ne da'irar masu iya cin kofi ta faɗaɗa a tsakanin jami'o'i masu hali, tazarar da ke tsakaninsu da sauran kuma ta ƙaru. Sai dai an faɗaɗa gasar cin kofin ƙwallon ƙafa daga ƙungiya 4 zuwa 12 a 2024, don haka ba duk sauyin za a jingina wa kuɗi ba.

Sasancin 2025 da iyakar da ake shakkar ɗorewarta

Sasancin yana ɗauke da sunan Grant House, ɗan wasan ninƙaya na Jami'ar Arizona State. Bayan rabon kuɗin shiga, ya tanadi diyyar kusan dala biliyan 2.8 cikin shekara 10 ga waɗanda suka yi wasa tun daga 2016. Ya maye gurbin ƙayyade yawan tallafin karatu da ƙayyade yawan 'yan wasa, misali 105 a ƙwallon ƙafa. Ya kuma haifar da sabuwar hukumar sa ido, wadda dole a kai mata duk yarjejeniyar talla da ta kai dala 600 domin a tantance ko kasuwanci ne na gaske kuma farashin bai wuce hankali ba. Kamfanin Deloitte ne ke taimakawa wajen tantancewar.

Manufar ita ce a toshe hanyar albashin ɓoye, kowace babbar jami'a ta tsaya a iyaka ɗaya. Amma kuɗin tallan da aka tantance ba ya shiga lissafin miliyan 20.5, kuma jami'ar da ke da manyan kamfanoni a bayanta za ta fi samo wa 'yan wasanta irinsa. Tun a Yulin 2025 sabuwar hukumar ta yi yunƙurin rufe wa asusun magoya baya ƙofa, lauyoyin 'yan wasa suka yi ca, ta sassauta.

Lauyoyi da dama suna nuni da wani giɓi. A NFL da NBA ana ƙayyade albashi, ƙungiyoyin da suka zo ƙarshe kuma su ke samun fifiko wajen zaɓen sababbin 'yan wasa, kuma doka ta yarda da haka ne saboda ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasa ta zauna an yi yarjejeniya da ita. 'Yan wasan jami'a ba su da irin wannan ƙungiya, domin ba a ɗauke su ma'aikata ba. 'Yan ƙwallon kwandon Dartmouth sun kaɗa ƙuri'a 13 da 2 a 2024 domin kafa ta, daga baya suka janye. Shugabannin jami'o'i suna roƙon majalisar dokoki ta ba su kariya daga ƙararraki ta kuma bayyana cewa ɗalibai ba ma'aikata ba ne, suna cewa ɗaukar su aiki zai durƙusar da ƙananan makarantu. Masu kare 'yan wasa suna amsawa da cewa ba a taɓa ƙayyade albashin koci ba, har Texas A&M ta ɗauki nauyin biyan Fisher sama da dala miliyan 75 domin kawai ta sallame shi.

Wa zai ɗauki nauyin?

Mai sayen tikiti ya riga ya fara ji a jikinsa. Jami'ar Tennessee ta ƙara kashi 10 cikin 100 a kan tikitin ƙwallon ƙafa na 2025, ta faɗa ƙarara cewa na biyan 'yan wasa ne. Ƙananan rukunai sun koka cewa an zaftare musu kaso mai yawa na diyyar alhali yawancin masu karɓar ta 'yan manyan rukunai ne.

Mata ma suna da ƙorafi. Jami'o'i da yawa sun tsara bai wa ƙwallon ƙafa kusan kashi 75, ƙwallon kwandon maza 15, na mata 5, sauran wasanni duka su raba 5. Wata dokar 1972 ta wajabta daidaito tsakanin maza da mata a makarantun da ke karɓar kuɗin tarayya. Gwamnatin Biden ta ce dokar ta shafi wannan rabo, gwamnatin Trump ta janye matsayin a Fabrairun 2025, wasu 'yan wasa mata kuma suka ɗaukaka ƙara kan yadda aka raba diyyar.

Ɓangaren da ya fi shafar Afirka shi ne wasannin da ba sa kawo kuɗi, musamman guje-guje da tsalle-tsalle. Tobi Amusan, wadda ta kafa tarihin duniya na daƙiƙa 12.12 a tseren mita 100 na tsallake shinge a 2022, a Jami'ar UTEP ta Texas ta goge. Blessing Okagbare ma can ta yi, Favour Ofili a LSU, Joseph Paul Amoah na Gana a Coppin State. Rarar kuɗin ƙwallon ƙafa ce ta daɗe tana ɗaukar nauyin irin waɗannan wasanni, kuma yanzu rarar tana da masu ita. Sasancin ya ƙayyade tawagar guje-guje a mutum 45. Jami'a mai hali tana iya bai wa dukansu cikakken tallafin karatu, abin da a da ba a yarda ba, mara hali kuma tana iya rage tawagar. A Yunin 2025 Washington State ta sanar da daina wasannin tsalle da jifa domin ta mayar da hankali kan gudun dogon zango.

Sannan ga matsalar biza. Yawancin ɗaliban waje suna shiga Amurka ne da bizar karatu ta F-1, wadda ta taƙaita aikin da za su yi a biya su a cikin ƙasar. Ɗaukar hoton talla ko wallafa saƙon kamfani a Instagram yana iya zama aiki a idon hukumar shige da fice, kuma kuskure a nan yana iya jawo soke bizar. Oscar Tshiebwe ɗan Kwango, wanda aka zaɓa gwarzon ƙwallon kwandon jami'o'i a 2022 yana Kentucky, sai da ƙungiyarsa ta je wasannin share fage a tsibirin Bahamas a Agustan shekarar ya samu sarari. Tsakanin atisaye da wasa yana ɗaukar hotunan talla yana sa hannu a kaya, rahotanni suka ce ya haɗa kusan dala 500,000 cikin mako guda. Da ya koma Kentucky, abokan wasansa 'yan ƙasa suka ci gaba da tallarsu a cikin gari, shi kuwa sai ya jira wata fitar.